Yadda Ɗalibi Zai Karanci Addinan Duniya da Taswira a Hannu

A cikin shekarun da na yi ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare a nan Kaduna, ban ga darasin da ke sa aji ya yi tsit, ko kuma ya kaure da hayaniya, kamar darasin addinan duniya da yadda suka bazu a doron ƙasa ba. Wani ɗalibin yana ɗari-ɗari don gudun kada karatun addinin wasu ya taɓa masa imani, wani yana ganin faɗuwa ce ta zo daidai da zama, ya samu abin da zai ƙure abokin zamansa da shi, mafi yawa kuwa hadda suke yi ta sunaye da alƙaluma, su juye a takardar jarrabawa, su fito ba abin da ya rage musu a ka. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne hanyar da na ga tana sa darasin ya zauna, ko ɗalibi yana babbar sakandare ne, ko ya shiga shekarar farko a jami'a ko kwalejin ilimi.

Kafin ka buɗe littafi, ka fara sanin irin tambayar da wannan darasi yake yi, domin ta sha bamban da wadda ake yi a Islamiyya ko a makarantar Lahadi. A can ana koya maka abin da ka yi imani da shi da yadda za ka yi aiki da shi, kuma wannan yana da malamansa da lokacinsa. A ajin labarin ƙasa kuwa tambayoyi uku ne suke riƙe da darasin gaba ɗaya: a ina addinin ya faro, ta wace hanya ya bi har ya isa inda yake a yau, kuma wace alama ya bari a ƙasa wadda ido zai iya gani? Ka rubuta su a shafin farko na littafin rubutunka, kowane addini aka ambata ka auna shi da su. Sanin cewa mabiya addinin Hindu suna girmama kogin Ganga bai mai da kowa ɗan Hindu ba, kamar yadda sanin hanyar Kafanchan bai sa mutum ya zama ɗan garin ba.

Kayan aikin ba su da tsada. Kana bukatar littafin taswira, ko da na aro ne, da fensira masu launi, da taswirar duniya wadda ba a rubuta komai a cikinta ba. Idan ba ka da kuɗin bugawa a shagon masu kwamfuta, ka ɗora farar takarda a kan taswirar littafi, ka manna su a jikin gilashin taga da rana, ka bi layin gaɓar teku da fensir. Na fi son wannan hanyar, domin hannun da ya zagaya Bahar Maliya da kansa ba ya manta inda Makka take da inda Habasha take.

A kan wannan taswira, sai ka fara sa ɗigo a mafarin kowane addini, kuma nan take za ka ga ɗigogin sun taru a wurare kaɗan. Yahudanci da Kiristanci da Musulunci duk sun fito daga kudu maso yammacin Asiya, kuma tsakanin Makka da birnin Ƙudus bai kai tafiyar kilomita 1,300 a miƙe ba. Gungu na biyu yana yankin Indiya, inda addinin Hindu ya samo asali, inda aka haifi Buda a Lumbini da ke cikin ƙasar Nefal ta yau, inda kuma aka haifi Guru Nanak, wanda ya kafa addinin Sikh, a yankin Funjab a 1469. Sai gabashin Asiya, da koyarwar Kwanfushiyas da ta Tao a ƙasar Sin, da Shinto a Japan. Daga nan ka lura da wani bambanci da masana labarin ƙasa suke ba muhimmanci. Musulunci da Kiristanci da addinin Buda suna kiran kowa da kowa ya shigo, saboda haka sun tsallaka teku da hamada, yayin da Yahudanci da Hindu da Shinto da addinan gargajiya suka fi ɗamfaruwa da wata al'umma ko wata ƙasa, galibi sai mutanensu sun tashi sannan addinin yake tashi da su.

Zanen hanyoyi shi ne zuciyar darasin, kuma a nan ne ya kamata ka daɗe. Addini ba ya tafiya shi kaɗai, mutum ne yake ɗauke da shi, ko falke, ko malami, ko soja, ko bawa, ko lebura, kuma kowannensu yana da hanyar da yake bi. Ka fara da na gida. Musulunci ya ratso Sahara tare da ayarin fatake, ya shiga fadar Kanem a ƙarshen ƙarni na 11, tarihin Kano kuma ya nuna Wangarawa sun zo da shi daga Mali a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. A zamanin Muhammadu Rumfa, a ƙarshen ƙarni na 15, Shaihu Almagili ya zauna a Kano ya rubuta wa sarki nasiha kan sha'anin mulki. Wannan shi ne irin yaɗuwar da take farawa daga sama, daga fada da birni, ta gangaro ƙauye a hankali, shi ya sa ɗaruruwan shekaru bayan sarakuna sun musulunta ake samun Maguzawa a karkarar Kano da Katsina da Zazzau. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya fara a 1804 ya sauya taswirar cikin 'yan shekaru. Kiristanci kuwa ta bakin teku ya shigo mana, ya kafu sosai a ƙarni na 19, ya sauka Badagiri a 1842, ya biyo koguna, daga baya ya biyo layin dogo. 'Yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) sun fara yunƙurin shiga ƙasar a 1893, suka kafa tashoshi a garuruwa irin su Kwoi da Kagoro, kuma daga aikinsu ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Turawan mulki sun taƙaita aikin mishan a cikin masarautun Musulmi, don haka makarantunsu da asibitocinsu suka fi yawa a kudancin lardin Zariya da kan tsaunukan Filato. Idan ka zana waɗannan kibiyoyi biyu, ɗaya daga arewa ɗaya daga kudu, za ka ga sun haɗu daidai a jihar Kaduna.

Sai ka fita waje da irin wannan ido, kana gyara kurakuran da kusan kowane ɗalibi yake shigowa da su aji. Na farko shi ne zaton Turawa ne suka kawo Kiristanci Afirka. Sarki Ezana na daular Aksum ya karɓi addinin tun a ƙarni na 4, cocin Kibɗawa na Masar ya ma girme shi, kuma wannan Habasha ta Kiristoci ce Sahabbai suka yi hijirar farko zuwa cikinta a wajen shekarar 615, kafin hijirar Madina ta 622. Na biyu shi ne zaton Musulmi da Balarabe abu ɗaya ne, alhali Larabawa kusan kashi ɗaya cikin biyar ne kawai na Musulmin duniya, Indunusiya kuma, wadda addinin ya isa ta hanyar 'yan kasuwar tekun Indiya, ta fi kowace ƙasar Larabawa yawan Musulmi nesa ba kusa ba. Addinin Buda yana da labari mai ban mamaki, domin Sarki Ashoka ya ɗaukaka shi a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, ya isa Sirilanka, ya bi hanyar fataucin siliki zuwa Sin, ya shiga Japan a ƙarni na 6, amma a Indiya inda ya faro mabiyansa a yau ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Idan ka ga 'yan Hindu da yawa a Morishas da Tirinidad da Fiji da birnin Darban na Afirka ta Kudu, ka tuna da leburorin rake da Ingila ta kwaso daga Indiya a ƙarni na 19. Idan ka ji ana kiran sunayen Shango da Ogun a Birazil da Kyuba, jiragen bayi ne suka kai su. Mu ma muna da namu a can gabas: garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu a Sudan, wanda mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, da sauran unguwannin Hausawa da suka tsiro a kan tsohuwar hanyar aikin Hajji ta ƙasa.

Amma gani ya kori ji, kuma ɗalibin Kaduna yana da abin da ɗaliban garuruwa da yawa ba su da shi, wato gari da za a iya karanta shi kamar littafi. Ka nemi izinin iyayenka, ka samu aboki, ku shiga mota daga Kawo ku bi titin Ali Akilu da titin Ahmadu Bello, ku tsallaka gada ku bi ta Barnawa har Sabon Tasha, kowa da takarda da biro. Ku ƙirga hasumiyoyin masallatai da allunan majami'u a kowane sashe na hanyar, ku rubuta sunayen shaguna da rubutun da ke bayan Keke Napep, ku lura da tufafin mata da inda ake sayar da wane irin nama. Ranar Juma'a da azahar sahu yakan malalo daga masallacin Sultan Bello har kan titi a Unguwar Sarki, ranar Lahadi da safe kuwa a unguwar Narayi ko ta Television za ka ga matan zumunta sanye da zane iri ɗaya suna rera waƙa da Hausa, suna buga tulu da kacau-kacau. Ka saurari kalmomin waƙar, za ka ji Allah da Ubangiji da Almasihu da albarka, domin tun 1932 aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, harshen ya zama na ibada ga Bajju da Atyap da Ham da Gbagyi a majami'u da yawa. Sunayen kwanakin mako da dukanmu muke amfani da su, daga Lahadi zuwa Asabar, daga Larabci suke, kuma wannan ma alama ce da addini ya bari, sai dai a baki take.

Bayan kun dawo, sai ka tambayi kanka dalilin abin da ka gani, domin ƙirga ba shi ne ƙarshen aiki ba. Kaduna sabon gari ne, Turawa suka kafa shi suka mai da shi hedkwatar Arewa a 1917 bayan sun baro Zungeru, sannan layin dogo da barikin soja da aikin gwamnati da masaƙun Kakuri, waɗanda aka buɗe ta farkonsu a 1957, suka jawo mutane daga ko'ina. Tsofaffin mazauna za su gaya maka yadda unguwanni suke a cakuɗe a da. Rikicin shekarar 2000 da na 2002 su ne suka sa dubban iyalai suka sayar da gidajensu ko suka yi musaya, Musulmi da yawa suka koma arewacin kogin Kaduna, Kiristoci da yawa suka koma kudu. Ke nan taswirar addini tana iya sauyawa cikin rayuwar mutum ɗaya, kuma tsoro yana cikin abubuwan da suke zana ta. Sai dai kada ka yi gaggawar shafa launi biyu ka ce ka gama, domin manyan majami'un St. Joseph na Katolika da St. Michael na Angalika suna arewacin kogin, akwai Musulmi masu yawa a Kakuri da Makera da Nasarawa a kudu, kuma kasuwa da ofis da asibiti suna haɗa kowa da rana. A garin nan ne kuma Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a da suke gaba da juna, suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai a 1995. Ɗalibin da ya rubuta rabuwar ya manta da waɗannan, rabin amsa ya bayar.

Wanda ya samu dama ya ƙarasa Zariya, domin a can an jera tarihin unguwa-unguwa: birni mai ganuwa da masallacin Juma'a da shahararren magini Babban Gwani ya gina a shekarun 1830, da Tudun Wada, da Sabon Gari da aka keɓe wa baƙi a zamanin Turawa, da Wusasa inda mishan ɗin da Dokta Miller ya kafa a cikin birni ya koma a 1929, aka gina coci da ƙasa bisa fasalin ginin Hausa.

Akwai wani ɗan gwaji da nake son yi wa ɗalibai, wanda ba ya cin minti goma. Ina tambayarsu ina alƙibla take, sai aji ya amsa baki ɗaya cewa gabas, domin a Hausa fuskantar gabas da yin salla kusan magana ɗaya ce. Sai in ba ɗaya daga cikinsu zare ya ɗora a kan ƙwallon taswirar duniya daga Jakarta zuwa Makka, sai ga shi yamma ya nufa, daga Santambul kudu maso gabas, daga Afirka ta Kudu kuwa arewa. Wata rana wani yaro ya daɗe yana kallon zaren, sannan ya ɗago ya ce, "Malam, ashe gabas ɗin tamu ce mu kaɗai." Ka yi wannan gwajin da kanka, sannan ka lura da yadda alƙibla take tsara ƙasa a garinmu: inda mihrabin masallaci yake kallo, da yadda ake jera kaburbura kai a kudu don mamaci ya fuskanci gabas. Haka ma kalanda. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, don haka azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, ya zagaye bazara da damina da hunturu cikin shekara 33. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya azuminmu bai cika wuce sa'o'i 13 zuwa 14 ba, amma a arewacin Turai yakan haura 18 idan ya faɗo a lokacin zafi. Kirsimeti da muke yi cikin ƙurar hunturu, a Ostareliya cikin tsananin zafi ake yin sa, a Habasha kuma sai 7 ga Janairu.

Addinan gargajiya su ne ɗalibai suka fi tsallakewa, alhali sawunsu yana nan ƙarƙashin sababbi. Dutsen Dala a Kano da Kufena a Zariya wuraren bauta ne a da, bori bai ɓace ba, bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu kuma ya girmi zuwan mishan, ko da yake mafi yawan masu yin sa a yau Kiristoci ne.

Game da alƙaluma, ka yi taka-tsantsan matuƙa. Kiyasin cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka na shekarar 2020 ya nuna Kiristoci kimanin biliyan 2.3 ne, Musulmi kimanin biliyan 2, waɗanda ba su danganta kansu da wani addini kimanin biliyan 1.9, 'yan Hindu kimanin biliyan 1.2, Yahudawa kuwa kusan miliyan 15. Kowane adadi ka rubuta, ka haɗa shi da shekararsa da wanda ya fitar da shi. A Nijeriya ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi addinin kowa ba, rabon da a samu irin wannan bayani a ƙidayar da aka amince da ita tun 1963, saboda haka duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp cewa kashi kaza na mutanen Kaduna addini kaza suke bi, kiyasi ne ko son zuciya. Ita kanta taswirar littafi mai launi ɗaya ga kowace ƙasa tana ɓoye abubuwa. An shafa wa Indiya launin Hindu, amma ƙidayar ƙasar ta 2011 ta samu Musulmi fiye da miliyan 170, adadin da ya ninka al'ummar Saudiyya gaba ɗaya fiye da sau huɗu.

Idan aikin gida ya bukaci ka yi hira da wani, da ɗan gari akan ci gari. Ka nemi abokin karatunka mai bin wannan addinin ya raka ka, ka tafi da takardar shaida daga makaranta, kada kuma ka ɗaga waya ka ɗauki hoton masallaci ko coci ba tare da izini ba, domin a garin nan masu gadin wuraren ibada ba sa wasa da baƙuwar fuska, kuma suna da dalili. Ka gaida liman da "Allah gafarta Malam", ka gaida fasto da "Baba, ina wuni", ka faɗi sunanka da abin da ya kawo ka. Tambayoyinka su zama na wuri da lokaci: yaushe aka gina nan, daga waɗanne unguwanni masu ibada suke zuwa, da wane harshe ake wa'azi, me ya sauya cikin shekara ashirin? Tambayar wane ne a kan daidai ba ta cikin aikinka, idan aka jawo ka cikinta ka yi godiya ka koma kan takardarka.

Wajen rubutu ma akwai ladabi, kuma yana da maki. Ka kira kowace al'umma da sunan da take kiran kanta, ka bar kalmomi irin su arna a waje, domin ba sa bayyana komai sai raini. Ka saba da faɗin "mabiya addinin kaza sun yi imani da cewa", ko da a kan naka addinin kake magana, sannan ka gina kowace amsa a kan tambayoyi ukun nan na shafin farko, ka haɗa da ƙaramar taswira da ka zana da hannu, da misali ɗaya na nesa da ɗaya na gida. Mai duba takarda ya gaji da ganin sunan Makka da Rum kawai, idan ya ga Wusasa ko Mai Wurno an yi musu bayani daidai, ya san ɗalibin ya fahimta. Wanda aka ba babban aikin zango kuwa, ina ba shi shawara ya je ɗakin karatu na Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, ya nemi abin da aka rubuta kan kafuwar unguwannin Kaduna, sannan ya ɗauki birni ɗaya na waje ya kwatanta. Beirut ta dace, domin a yaƙin basasar Labanan na 1975 zuwa 1990 wani layi ya raba ta, Kiristoci a gabas Musulmi a yamma. Belfas ta Ailan ta Arewa ma ta dace, inda har yau katangu suke tsakanin wasu unguwannin Katolika da na Furotesta duk da yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998. Ka zana Kaduna da birnin da ka zaɓa a shafuka masu kallon juna, ka nuna layin rabuwar da shekarar da ya bayyana, sannan ka sa alama a kowace gada da kasuwa da makaranta da mutanen ɓangarorin biyu suke haɗuwa a ciki.